Abin da na gano bayan na ɗaura wa motata sandar sitabilaiza mai kauri

Na fi shekara uku ina tuƙa wata ƙaramar mota mai ja da tayoyin gaba kafin na yarda a raina cewa akwai wani hali nata da ba na so, kuma tun daga kamfani ta zo da shi, ba tsufa ne ya jawo mata ba. Duk lokacin da na shiga kwana mai ɗan tsawo da matsakaicin gudu, sai jikin motar ya kwanta zuwa waje, wanda ke zaune a gefena ya kai hannu ya kama mariƙin da ke saman ƙofa, ni kuma in ji hancin motar yana neman zarcewa duk da cewa na riga na murza sitiyari gwargwadon yadda kwanar take buƙata. Idan na ƙara murzawa, babu abin da ke ƙaruwa sai kukan tayoyin gaba. Na canza shokozoba guda huɗu, na sa tayoyi masu kyau, aka yi alaimen, abin ya ragu amma bai tafi ba. Daga nan ne hankalina ya koma kan wani ƙarfe da na sha gani a ƙarƙashin motar ba tare da na taɓa tambayar aikinsa ba, wato sandar sitabilaiza.

Sanda ce ta ƙarfen sifirin wadda aka lanƙwasa bakunanta biyu, har ta ɗauki siffar harafin U mai faɗin baki. Tsakiyarta tana kwance a gicciye daga hagu zuwa dama, bushin biyu na roba suna riƙe da ita a jikin ƙashin motar, hannayenta biyu kuma kowanne yana haɗe da ƙafar da ke ɓangarensa ta hanyar wani ɗan gajeren ƙarfe da kanikawa ke kira linkeji. Idan tayoyin biyu suka tashi tare, kamar lokacin da aka hau tudun rage gudu kai tsaye, sandar juyawa kawai take yi a cikin bushin ɗinta, babu ruwanta. Amma idan taya ɗaya ta shige sama ɗayar kuma ta sauko, wanda shi ne abin da ke faruwa a kwana, dole tsakiyar sandar ta murɗe, ƙarfen kuma ya ƙi yarda da murɗewar, ya yi ƙoƙarin mayar da ƙafafun biyu daidai da juna. Sifirin ne ke nan wanda ba ya farkawa sai ƙafar hagu da ta dama sun sami saɓani. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun a shekarar 1919 wani mutumin Kanada mai suna Stephen Coleman ya yi mata rajistar mallaka, kuma a yau da wuya a sami ƙaramar motar da ba ta da ita aƙalla a gaba.

Tunanina na farko shi ne irin na mafi yawan mutane: idan mota ta daina kwanciya, nauyi zai daina komawa kan tayoyin waje, saboda haka tayoyin huɗu za su fi kama kwalta. Na ɗauki lokaci kafin na gane cewa lissafin bai tafi haka ba, kuma fahimtar wannan ita ce ta fi kowane ƙarfe da na saya amfani. Yawan nauyin da ke tashi daga tayoyin ciki ya koma na waje a kwana abubuwa huɗu ne ke yanke shi: nauyin motar, tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, da kuma ƙarfin da kwanar ke tura motar gefe da shi. A ɗauka mota tana da kilo 1,200, cibiyar nauyinta tana santimita 55 daga ƙasa, tazarar tayoyinta mita 1.5 ce, kuma ƙarfin da ke tura ta gefe ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinta. Idan aka yi 1,200 sau 0.8 sau 0.55 aka raba da 1.5, za a sami kilo 352 da suka bar ɓangaren ciki suka koma na waje. Duk wanda ya duba wannan lissafi zai ga cewa kaurin sandar bai fito a cikinsa ba ko sau ɗaya. Ko an sa sanda mai kaurin taɓarya, kilo 352 ɗin nan sai sun ƙaura, illa ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba.

Abin da sandar ke da iko a kansa shi ne rabon wannan nauyi tsakanin gaba da baya. Jikin mota abu ɗaya ne, idan ya kwanta gaba da baya tare suke kwanciya, kuma duk ɓangaren da ya fi tauri wajen ƙin kwanciyar shi ne zai ɗauki kaso mafi tsoka na nauyin da ke ƙaura. A nan ne halin taya ya shigo. Riƙon taya yana ƙaruwa idan aka ƙara mata nauyi, amma ba ya ƙaruwa daidai wa daida; idan aka ninka mata nauyi sau biyu, riƙonta ba ya kai ninki biyu. Saboda haka tayoyi biyu da kowacce ke ɗauke da kilo 300 sun fi ƙarfin riƙo a haɗe fiye da biyun da ɗaya ke ɗauke da kilo 450 ɗayar kuma 150, duk da cewa jimillar nauyin ɗaya ce. Ma'anar wannan ita ce ɓangaren da aka sa wa sanda mai kauri shi ne ke asarar wani abu daga riƙonsa, ɗaya ɓangaren kuma ya sami sauƙi. Idan aka taurara gaba, hancin mota zai ƙara zarcewa a kwana. Idan aka taurara baya, gaba zai fi biyayya ga sitiyari, amma bayan motar zai matso kusa da inda zai zame. Masu kallon tseren ƙananan motoci sun saba ganin tsofaffin Volkswagen Golf GTI suna ɗaga tayar baya ta ciki sama a kwana mai tsanani, kuma wannan hoton shi ne ƙarshen abin da nake bayani, inda baya ya ɗauki duk abin da zai iya ɗauka har tayar ciki ta rasa nauyi gaba ɗaya.

Da na fahimci haka sai na daina ganin laifin injiniyoyin da suka ƙera motata. Da gangan suke barin mota ta fi karkata ga zarcewar gaba, domin direban da ya tsorata a kwana abin da zai fara yi shi ne ɗage ƙafa daga totur, wannan kuwa shi ne maganin zarcewar gaba, alhali idan baya ne ya zame ɗage ƙafar ƙara ɓata al'amarin yake yi. Tarihin Chevrolet Corvair ta Amurka ya isa misali. Motar da aka fara sayarwa a matsayin ta shekarar 1960 injinta a baya yake, kuma ba a sa mata sandar gaba a cikin kayan da kowace ke zuwa da su ba, sai ta yi ƙaurin suna wajen juyowar baya a hannun direbobin da ba su saba da ita ba, har a ta 1964 aka mayar da sandar gaba dole tare da wasu gyare-gyare a ƙafafun baya. Ƙarfe ɗaya ya shiga cikin abin da ya raba mota mai natsuwa da mai ban tsoro, kuma wannan ƙarfen ne nake shirin taɓawa da hannuna.

Duk da haka ban fasa ba, domin ribar rage kwanciya gaskiya ce. Idan jikin mota ya kwanta, tayar waje takan kwanta tare da shi ta koma takawa da gefenta maimakon tafinta, musamman a irin ƙafar gaban da ake kira MacPherson, wadda mafi yawan ƙananan motoci ke amfani da ita. Rage kwanciyar yana barin tafin tayar ya zauna sosai a kan kwalta, wani lokaci har ribar ta rufe asarar da na ambata a sama. Akwai kuma batun lokaci, wanda shi direba ya fi ji a jikinsa. Mota mai laushi idan aka murza mata sitiyari sai ta ɗan jira jikinta ya gama kwanciya kafin ta zauna a kan hanyarta, idan kuma aka kauce hagu aka dawo dama cikin sauri sai jikin ya yi lilo ya wuce gona da iri. Sanda mai ɗan ƙarin tauri tana gajarta wannan jiran ba tare da an taurara sifirin ba, shi ya sa a miƙaƙƙiyar hanya marar gargada motar ba ta rasa laushinta.

Wurin da mutane suka fi yin kuskure shi ne raina milimita. Taurin sanda wajen murɗewa yana bin kaurinta ne a ninke sau huɗu, wato kauri sau kauri sau kauri sau kauri. Ƙarin milimita 2 daga 20 zuwa 22 kashi 10 cikin 100 ne kawai a ido, amma a tauri kusan kashi 46 ne. Sandar bayan motata ta kamfani milimita 19 ce, wadda na saya kuma 22, kuma da na zauna na lissafa sai na ga ƙarin taurin ya kai kusan kashi 80 cikin 100, alhali idan aka ajiye su biyun a ƙasa sai an lura sosai za a gane wacce ta fi kauri. Wannan ƙa'idar ce kuma ta sa ake yin sanduna masu rami a ciki kamar bututu, domin ƙarfen da ke can tsakiya kusan ba ya aikin komai wajen ƙin murɗewa. Sanda mai milimita 25 a waje da ramin milimita 17 a ciki tana riƙe da kusan kashi 79 na taurin takwararta marar rami, nauyinta kuwa bai fi kashi 54 ba. Don haka kwatanta sanduna biyu da kaurin waje kaɗai yaudara ce matuƙar ba a san ko ɗaya mai rami ce ba. Tsawon hannun sandar ma yana da tasiri, kamar yadda doguwar sifana ta fi gajeriya sauƙin kwance noti. Shi ya sa sandunan da ake iya daidaitawa, irin wadda na saya, suke zuwa da huda biyu ko uku a bakin kowane hannu: hudar da ke can ƙarshe tana tsawaita hannun ta sassauta sandar, wadda ke ciki kuma tana gajarta shi ta taurara ta.

Kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a, irin su Eibach da H&R na Jamus, da Whiteline na Ostireliya, da Hotchkis na Amurka, kowace sanda sukan lanƙwasa ta ne don takamaiman ƙirar mota da shekararta, kuma ban ga dalilin sayen wadda aka ce tana shiga kowace mota ba. Amma kafin a sayi komai ya kamata a shiga ƙarƙashin mota a duba abin da ke nan. Bushin da ya cinye ko linkeji da ya yi sako-sako yakan sa sandar kamfani ta yi jinkirin kama aiki, mai mota ya ɗauka siririya ce alhali riƙonta ne ya mutu. Haka nan shokozoba da ta zubar da mai ko tayar da ta ƙare, babu sandar da za ta rufa musu asiri. Wasu ƙananan motocin kuma ƙafafunsu na baya a haɗe suke da gungumen ƙarfe guda mai murɗewa, wanda shi kansa yake yin aikin sandar, kuma irin waɗannan sandarsu ta ƙari daban take, ɗaura ta ake yi a jikin gungumen.

Ranar da zan ɗaura tawa, wani dattijon bakanike ya ba ni aron fili da kayan aiki a garejinsa, ya zauna gefe yana nasa aikin. Na sa waigi a tayoyin gaba, na ɗaga ƙafar baya ta dama da jek, na cire tayar, na fesa man kwance tsatsa a notin linkeji, na kwance shi ba tare da wahala ba. Amma kan linkejin ya ƙi fita daga hudar sandar. Na tura, na girgiza, har na ɗauko guduma, sai na ji muryarsa daga bayana.

"Ajiye gudumar nan, ɗana. Ƙafa ɗaya ka ɗaga, ɗayar tana ƙasa, sandar a murɗe take. In ka buge shi ya fita, hannun sandar zai tashi ya same ka a yatsa."

"To yaya zan yi, Baba?"

"Ɗaga ɗaya ƙafar ma, su rataya tare, sannan ka gani."

Na ɗaga ɗaya ɓangaren, na ɗora motar a kan turakun ƙarfe biyu a wuraren da aka tanada don haka, na girgiza ta da ƙarfi don in tabbatar ta zauna kafin in sake shiga ƙarƙashinta, domin jek na ɗagawa ne kawai, ba a ba shi amanar rai. Da na koma kan linkejin, da ɗan yatsa ɗaya na tura shi ya fita. Abin da na karanta game da sandar da ba ta aiki sai ƙafafu biyu sun saɓa, a wannan lokacin ne na ji shi a hannuna.

A ɓangaren hagu wata matsalar ce ta taso. Notin ya ɗan kwance sai ya fara juyawa tare da ƙarfen da yake kai, ba ya gaba ba ya baya. Dattijon ya nuna mini wani ɗan rami mai kusurwa shida a tsakiyar kan ƙarfen, wanda tsatsa da laka suka toshe har ban gan shi ba. Na share shi da waya, na zura makullin alan na riƙe, na juya notin da sifana, ya fito. Kafin in kwance maɗauran bushin sai da na ɗauki hoton tsohuwar sandar a inda take daga ɓangarori uku, kuma hakan ya yi mini rana, domin sabuwar tana iya shiga a kife ba tare da ta nuna alamar komai ba sai an sauke mota an ji ta tana dukan salansa. Fitar da tsohuwar ya buƙaci in sauke robar da ke rataye da salansar don in sami hanya, sannan in juya sandar a hankali tsakanin bututun birki da tankin mai ba tare da ta ja komai ba.

Sabuwar ta zo da nata bushin na roba mai tauri da ake kira foliyuretan, tare da ɗan ƙunshin giris mai danƙo. Wannan giris ɗin ba ado ba ne. Bushin kamfani roba ce mai laushi da ke lanƙwasawa tare da sandar, shi kuwa wannan sandar gogawa take yi a cikinsa, idan ya bushe sai ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa a kowane tudu. Na shafa shi sosai a cikin bushin da kuma inda zai zauna a jikin sandar, na kiyaye kada in kawo giris ɗin gama-gari kusa da sauran robobin ƙafar, domin irin wanda aka yi daga man fetur yana kumbura roba ya lalata ta. Na ɗaura maɗauran a sassauce, na auna da ma'auni don hannun hagu da na dama su yi nisa ɗaya daga jikin motar, na sa sababbin linkeji maimakon tsofaffin, tunda sanda mai tauri ta fi matsa musu. Ɗaurin ƙarshe ban yi shi ba sai da motar ta sauka nauyinta ya zauna a kan tayoyinta, a bisa tudun ƙarfen da ake hawa don a sami wurin shiga, kuma kowane noti na ɗaure shi da sifanar auna ƙarfi daidai adadin da takardar ta faɗa. A haka ne kuma na duba cewa hannayen sandar sun kusa kwanciya daidai da ƙasa, kuma akwai tazara tsakaninta da bututun birki, da wayar na'urar ABS mai hana tayoyi kullewa idan an taka birki, da salansa. Wanda ya rage tsayin motarsa yakan buƙaci linkeji mai daidaituwar tsawo, in ba haka ba sandar za ta zauna a karkace ko ta riƙa matsa ɓangare ɗaya tun motar tana tsaye.

Sandar gaba wani aiki ne daban, kuma ban taɓa ta ba. A motoci da yawa tana kwance ne a saman gadon ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba da akwatin sitiyari, dole a sassauta gadon a sauke shi kaɗan kafin ta fita, bayan haka sai an sake alaimen, kuma wasu kamfanonin sun ce kusoshin gadon sau ɗaya ake ɗaure su, idan an kwance sai sababbi.

Tun a kwanar farko na ji bambanci. Da na murza sitiyari hancin motar ya shiga nan take, jikinta ya ɗan sunkuya ya tsaya, kukan tayoyin gaba da na saba ji a wannan gudun bai zo ba. Mako biyu ina jin daɗinta a hudar da ta fi laushi, sai zuciya ta raya mini cewa tunda wannan ya yi kyau, hudar ciki za ta fi. Na mayar da linkejin can, kuma a busasshiyar kwalta motar ta ƙara kaifi ƙwarai.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa na shiga wani babban shataletale, hanya babu kowa, gudun da nake yi bai wuce wanda na saba ba. Ina tsakiyar zagayen sai na hangi wata mota tana tahowa daga gefe kamar ba za ta tsaya ba, na ɗage ƙafata daga totur gaba ɗaya lokaci guda. Abin da na ji daga nan a kujera na fara jin sa kafin idona ya gani: bayan motar ya yi sakayau ya fara zamewa waje, hancinta ya nufi dandamalin tsakiyar shataletalen. Fitilar na'urar hana zamewa ta yi ta ƙiftawa a gabana, na ji gurnanin birki a tayar gaba ta waje, motar ta miƙe kafin hannuna ya gama mayar da sitiyari. Duka abin bai kai daƙiƙa biyu ba. Na fita daga zagayen na tsaya a gefen hanya, hannayena suna rawa, ina tuna cewa kwana biyu kafin nan iyalina ne zaune a kujerar bayan nan.

Babu wani abin mamaki a cikin abin da ya faru, ni ne na haɗa sharuɗɗansa. Ɗage ƙafa daga totur a tsakiyar kwana yana tura nauyi gaba ya rage wa tayoyin baya, ruwa ya riga ya rage riƙon kowace taya, ni kuma na riga na kwashe rarar riƙon da injiniyoyi suka bar wa baya don irin wannan rana. Na'urar hana zamewa, wadda Amurka ta wajabta wa motocin ƙirar 2012 zuwa sama, Tarayyar Turai kuma ta wajabta wa dukkan sababbin motoci daga Nuwamban 2014, ita ta rufa mini asiri, duk da cewa an tsara ta ne bisa halin motar kamar yadda ta fito daga kamfani. Mai tsohuwar motar da ba ta da wannan na'ura ba shi da mai kama masa a irin wannan daƙiƙar, kuma shi ne ya fi cancantar ya tsaya a kan sanda mai sauƙin kauri. Da yammacin ranar na mayar da linkejin hudar waje, daga baya kuma na sami fili mai faɗi wanda babu mutane ko ababen hawa, na gwada ɗage ƙafa a kwana da ƙaramin gudu a jiƙaƙƙiyar ƙasa sau da yawa, har na tabbatar bayan yana nan a inda yake.

Akwai wani farashin da ake biya kullum ko da ba a kai ga zamewa ba. Sandar ba ta san bambancin kwana da rami ba. Idan tayar dama kaɗai ta faɗa rami ko ta hau dutse, sandar takan ɗauki wani kaso na bugun ta kai wa tayar hagu, jikin motar ya girgiza gefe da gefe, kawunan fasinjoji su yi ta kaɗawa. A hanya mai gargada sanda mai tauri tana hana kowace taya bin ƙasa da kanta, riƙo ya ragu maimakon ya ƙaru. Manyan kamfanoni sun kashe dukiya mai yawa don kauce wa wannan ciniki. Jeep Wrangler Rubicon tana da maɓallin da ke raba sandar gaba gida biyu idan za a hau duwatsu, Toyota tana da tsarin KDSS a wasu Land Cruiser wanda ke sakin sandunan idan ƙasa ba ta daidaita ba, Citroën ta fito da Xantia Activa a 1994 mai taurara sandunanta da ƙarfin mai idan ta shiga kwana, BMW kuma ta kawo irin nata a babbar motarta ta jerin 7 a 2001. Mu da muke ɗaura sandar ƙarfe zalla ba mu da wannan gata, tauri ɗaya muke zaɓa mu zauna da shi a kowace hanya, saboda haka wanda yawancin tafiyarsa a kan ramuka ne ya kamata ya yi tunani sau biyu.

Ƙarfin da sandar ke ƙin murɗewa da shi ba ya ɓacewa, a kan maɗaurai da linkeji yake sauka. A wasu motocin ƙarfen da maɗauran ke kai siriri ne, kuma sanda mai kauri sosai tana iya tsaga shi a hankali, shi ya sa wasu masu ƙera sandunan suke haɗawa da farantan ƙarfafawa. A ƙasashe irin su Ingila kamfanonin inshora suna buƙatar a sanar da su duk wani canji a ƙafafun mota, a Jamus kuma sai kayan suna da takardar amincewa ko an kai motar an duba ta, don haka yana da kyau kowa ya san dokar inda yake kafin ya ɗauki sifana.

Bayan na yi tafiyar kusan kilomita 200 na sake shiga ƙarƙashin motar na bi kowane noti da sifanar auna ƙarfi, na sami ɗaya daga na maɗauran ya ɗan sassauta, na ɗaure shi. A wata na bakwai bushin ɗin hagu ya fara ƙara da sanyin safiya, na kwance maɗaurin na wanke shi na sake shafa giris, ƙarar ta ɗauke. Yanzu duk lokacin da za a canza man inji nakan haska fitila in duba ko akwai wurin da fentin sandar ya goge, domin wannan ita ce alamar tana taɓa wani abu, in kuma kama kowane linkeji in girgiza in ji ko ya fara wasa. Sandar baya tana nan a hudarta ta waje tun daga waccan safiyar, ta gaba kuwa har yau ta kamfani ce, bushin ɗinta biyu kawai na sabunta da irin robar da ta zo da ita.